Shanun Lakar Inna Indo

Ranar da takarda ta iso Hillat Mati cewa wata dakta daga jami'a a Wad Madani za ta zo ta yi kwana uku tana duba rauda, Ustaza Hadizatu ta karanta ta sau huɗu. Rauda dai ita ce makarantar ƙananan yara, 'yan shekara huɗu da biyar da ba su isa shiga firamare ba. Ta Hillat Mati ba wani gini ba ne. Rumfar kara ce jingine da katangar gidan Hadizatu, sai randa biyu, da allo ɗaya, da yara talatin da takwas. Ita ta kafa ta shekara tara da suka wuce, ita ce mudira, wato shugabar makarantar, kuma duk garin an san in kana son ganin ɓacin ranta to ka taɓa raudar nan.

Takardar ta ce bincike ne a kan ingancin makarantun yara da yadda ake shugabancinsu. Hadizatu dai ba bincike ta gani ba. Mai duba makarantu ta gani, irin wanda zai leƙo, ya yamutsa fuska, ya sa a rufe. Ta yafa mayafinta ta nufi zauren Shehu Sodangi, mai gari.

Sodangi tsoho ne da ya ga jiya ya ga yau. Kakansa Mati ne ya sari garin. Ya taho da ƙafa daga ƙasar Sakkwato zai tafi Makka, ya iso wannan ƙasa ta masu Larabci, ya ga baƙar ƙasar bakin kogi, ya ce bari ya yi noman shekara ɗaya tukuna. Shekarar nan ce har yau ba ta ƙare ba. Da Hadizatu ta gama karanta masa takardar, sai ya shafa gemu.

"Ɗiyata, abu guda zan gaya miki," in ji shi. "In baƙon hukuma yaz zo, Larabci a gaba, Hausa a bayan ɗaki. Haka iyayenmu sunka yi, sunka zauna lahiya. Kada ki bari a ji ɗiyanmu na Hausa cikin makaranta, a tahi a rubuta ba su san Larabci ba."

Ba wanda ya yi masa musu, don kowa ya tashi da wannan tsoron a gidansu. Kafin kwana biyu gari ya ɗauka. Aka aro kujerun roba na biki guda arba'in. Aka shafe turakun rumfa da farar ƙasa. Sabah, matashiyar malamar da ke taimakon Hadizatu, ta hau mota zuwa kasuwar Suki ta sayo manyan takardu masu haruffan Larabci aka rataye. Shanun laka da yaran suka ƙera, waɗanda suka cika gindin katanga, aka tattara su a buhu aka jefa bayan madafa. Komai ya gyaru, saura abu ɗaya, Inna Indo.

Inna Indo ta haura saba'in. Ba ta taɓa zama a aji ba, Larabcinta kuma na cinikin albasa ne. Amma tun ranar da aka buɗe rauda, kullum sai ta zo da ƙwaryar laka a ka, ta shimfiɗa tabarmarta a tsakiyar rumfa, yara su kewaye ta. Sai ta fara tatsuniya, in ta kai inda ya fi daɗi ta tsaya cak, ta ce, "To, ku mi za ku yi?" Nan yara za su ɓarke da surutu, kowa da dabararsa, sannan kowa ya ɗebi laka ya ƙera abin da ya faɗa. Ita tana faɗin abu da Hausa, Sabah tana gefe tana ba su sunansa da Larabci. Da shanun laka suke koyon ƙidaya: wa ya fi garke, in kura ta ɗauke biyu saura nawa. Ba a biyan ta. Abin da take so shi ne a bar mata wurinta.

Hadizatu ta je gidanta bayan la'asar, ta tarar tana soya kofi a kan gawayi. Ta gaishe ta, ta tambayi ciwon ƙafa, ta tambayi akuya, ta sake komawa kan ƙafa.

"Dije," in ji tsohuwar, don haka take kiran ta tun tana goye, "hwaɗi abin da yak kawo ki. Kina ta zagaye awa akuyar da anka ɗaure."

"Inna, baƙuwar nan ta. Kwana uku ɗai. Na ce ko za ki ɗan huta."

"Ni nac ce miki na gaji?"

"A'a, Inna. Sai dai za su tambayi shahada, takardar shaidar karatu, su tambayi wa ka koyarwa, da wane harshe."

Indo ta ci gaba da juya kofi har ya fara ƙamshin ƙuna. Sannan ta sauke kaskon a hankali.

"To, Ustaza. Na jiya. A aiko min da tabarmata."

A shekara arba'in da ɗaya da Hadizatu ta yi a duniya, tsohuwar nan ba ta taɓa ce mata Ustaza ba. Kuma mai hutun kwana uku ba ya cewa a aiko masa da tabarmarsa. Hadizatu ta gane duka biyun, amma ta lallashi kanta da cewa bari baƙuwa ta tafi, za ta san yadda za ta gyara.

Dakta Lubna ta iso da hantsi a cikin raksha, babur mai ƙafa uku, siririyar mace mai tabarau, da jaka guda. Aka tare ta da guɗa. Sodangi ya kayar da rago, don baƙonka Annabinka. Ta sha shayi, ta yi godiya, sannan ta nemi abin da ya ba kowa mamaki: 'yar kujerar tsuguno a kusurwar rumfa, kuma a manta da ita.

Wa zai manta da ita? Yara talatin da takwas, an wanke su tas an shafe su da mai, suna zaune a kujerun manya, ƙafafunsu na lilo ba su kai ƙasa ba. An gargaɗe su tun daga gida cewa duk wanda ya yi Hausa zai gamu da uwarsa. Sabah ta ɗauki sanda ta nuna takarda, suka ɗauka: alif, ba, ta. Suka yi ta rerawa da ƙarfi har awakin maƙwabta suka bar inuwar katanga. Suka gama suka sake, suka gama suka sake. Hadizatu tana tsaye tana satar kallon alƙalamin baƙuwa, alƙalamin kuwa ko motsin kirki bai yi ba. Can wata yarinya, Hanaa, barci ya kwashe ta, ta zame daga kujera ta faɗi. Ta fashe da kuka tana kiran Inna Indo, aka yi maza aka fita da ita. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Da aka tashi yara, Lubna ta zauna da Hadizatu, suka yi magana da Larabci. Ta tambaye ta shekarar da aka buɗe, da yawan yara, da yawan malamai.

"Mu biyu ne," in ji Hadizatu. "Ni da Sabah." Ta ƙara da cewa, "Dakta, don Allah, mun ci ko mun faɗi?"

Lubna ta cire tabarau ta dube ta. "Ustaza, ni ba na rufe makaranta, ba na kuma buɗewa. Ko sunan garinku ba zai fito a rahotona ba. Muna so ne mu gane abin da ke sa wata rauda ta amfani yara, wata kuma ta zama wurin ajiye su kawai, don masu tsara ilimi su san inda za su sa ƙarfi."

Ta juyo mata takardun. Hadizatu ta bi tambayoyin da yatsa. Sau nawa yaro ya yi tambaya da kansa? Yara suna aiki da hannuwansu? Ana amfani da harshen da suke yi a gida? Shugabar makaranta tana jawo mutanen gari cikin aikin? Gaban kowace tambaya fili ne fari fat.

"Makaranta goma sha ɗaya na zaga kafin taku," in ji Lubna. "Na zo nan ne don shugaban firamaren da yaranku ke shiga ya ce min 'yan Hillat Mati suna zuwa da ƙidaya a kansu, kuma ba sa tsoron buɗe baki, alhali Hausa suke yi a gida. Na ce sai na ga yadda ake yi. Yau ban gani ba." Ta sa hannu a jaka ta fito da wani abu ta ajiye a kan kujera. Saniyar laka ce, da ƙahonin ƙaya, wadda tsintsiya ta tsallake a bayan randa. "Wannan fa, aikin wane ne?"

Kunya ta rufe Hadizatu har ta rasa inda za ta sa idonta. Abin da matar nan ta biyo tun daga Madani, shi suka kwana biyu suna ɓoyewa, har da yanka rago a kai.

Da yamma ta aiki Sabah gidan Indo. Sabah ta dawo da amsa gajeriya: a ce wa Ustaza tana hutawa. Sodangi da ya ji labari ya yi dariyar kansa har da tari, ya ce shi zai je ya kira ta da bakinsa. Hadizatu ta roƙe shi ya bari. Ta san Indo za ta zo don girman mai gari, ta zauna kamar dutse, baƙuwa na tafiya ita ma ta tafi, tafiyar da ba dawowa.

Rana ta biyu aka mayar da kujerun biki, aka shimfiɗa tabarmi, aka ce wa yara su yi Hausarsu. Hadizatu ta zazzage buhun shanu, ta tarar yawancinsu sun karye. Ta zauna da kanta a tsakiya ta ce za ta yi tatsuniya, mai wuyar me, ai shekara tara tana ji. Ba ta yi nisa ba yara suka fara gyara mata. Wannan ya ce ba haka Inna ke farawa ba, waccan ta ce ta manta waƙar. Da ta tsaya ta ce su me za su yi, sai suka zuba mata ido kawai. Alƙalamin Lubna ya ɗan yi tafiya ranar, amma Hadizatu ta daina kallon sa. Wurin tabarmar nan take kallo. Ta san baƙuwa gobe za ta tafi, ita kuwa za a bar ta da rumfa da yara talatin da takwas, babu Indo. Wannan ne ya tsaya mata a rai, ba rahoto ba.

Rana ta uku, tana sallame sallar asuba ta ɗauki ƙwarya ta nufi kogi. A hanya ne ta tuna ba ta ma san inda ake ɗebo lakar ba. Shekara tara tana ganin ta a rumfa kowace safiya kamar daga sama take faɗowa. Ta ratsa gonakin albasa, ta gangara gaɓa, ta fara kwasar taɓon da ta fara gani. Bilyaminu mai lambu, da ke jan ruwa zuwa kwamin albasarsa, ya hango ta.

"Ustaza, lahiya? In lakar tsohuwa kika nema, ba nan ba ta. Wagga duk yashi ta. Sai kin wuce gindin bagaruwa can, ki shiga ruwa hal ƙwauri. Nan taka durƙusawa kullum."

Gindin bagaruwar da nisa, gaɓar wurin kuma a tsaye take, ga santsi. Hadizatu ta sauka da baya tana kama saiwa, ƙaya ta kama mata mayafi, ƙafa ta kwashe ta ta zauna daɓas a cikin taɓo. Ta shiga ruwan, sanyinsa ya ratsa ta, ta durƙusa ta cika ƙwarya. Da ta ɗora a ka ta ji nauyin, sai hawaye suka zo mata, ba na faɗuwar ba. Ita mai ƙarfi a jika ke nan tana haki. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta yi wannan hawa da sauka shekara tara, ita kuwa mudira ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayar ta daga ina ba. Ga shi har ta buɗe baki ta ce malamai biyu ne.

Rana ta fito kafin ta shigo gari. Tana iya bi ta bayan gidaje, amma ta bi ta tsakiya, ta gaban masallaci, ta gaban masu sayar da shayi, mayafi duk taɓo, ruwan laka na ɗiga mata a wuya. Mata suka leƙo ta kan katanga. Ba wanda ya yi dariya, sai Sodangi da ke zaune a ƙofar zaurensa, shi ma a cikin gemu ya yi ta.

Ta tarar da Indo tana shara. Ta sauke ƙwaryar a gabanta, ta durƙusa.

Tsohuwar ta dubi ƙwarya, ta dubi mai ƙwarya. Ta jingine tsintsiya, ta tsinci laka ta murza tsakanin yatsu, ta kai hanci.

"Ta sama kinka kwaso. Da sauran yashi."

"Ban iya ba, Inna."

"Wa yan nuna miki wurin?"

"Bilyaminu."

"Kin hwaɗi?"

"Na hwaɗi."

"Kowa na hwaɗuwa nan," in ji Indo, kamar mai ba da labarin farashin gero.

"Inna, na yi miki laihi. Na ɓoye ki awa abin kunya, kuma anka tambaye ni malamai nic ce mu biyu na. Ba don baƙuwa niz zo ba. In kin so ki bari hal ta tahi, sannan ki dawo ma ɗiyanki."

Indo ta mayar da lakar cikin ƙwarya. Sannan ta goge yatsunta a gefen zane.

"In bari ta tahi? Ashe ɓoyon bai ƙare ba ke nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗauki ƙwaryar, ni in ɗauki tabarma."

Abin da ya faru a rumfa ranar nan ba sabon abu ba ne ga kowa, in ban da Lubna. Yara na hango tsohuwar suka ruga suka kusa kayar da ita, ta bi su da zagin wasa, wannan mai kan tulu, waccan mai bakin tsuntsu. Ko kallon kusurwar baƙuwa ba ta yi ba. Ta zauna ta fara labarin wata akuya da ta hango ɗanyen haki a tsallaken kogi, ga kada kwance a tsakiya yana cewa ta zo ya goya ta. Ta tsaya cak. Rumfa ta kaure. Wani ya ce a yi kwalekwale, wata ta ce akuya ta ce wa kada ya rufe ido tukuna. Hanaa, mai faɗowa daga kujera, ta ce ita dai a tambayi kadan ko ya karya kumallo. Aka raba laka. Sabah tana bi tana cewa kada timsah ne, kwalekwale kuma markab, yara na maimaitawa hannuwansu na aiki. Lubna ta cika gaban takarda ta juya bayanta. Daga baya aka ga ta bar kujerar tsugunon tana kan tabarma, wata 'yar shekara huɗu na koya mata yadda ake kafa ƙahon ƙaya.

Da aka tashi, ba yabo kaɗai ta yi ba. Ta ce yara talatin da takwas sun yi yawa a rumfa ɗaya, ta ce a rufe randunan a ƙara moɗa, ta ce rashin makewayi kusa babban gibi ne, kuma duk za ta rubuta. Hadizatu ta karɓa da hannu biyu, don gaskiya ce. Sai Lubna ta tambayi wanda ya tsara wannan aiki, tsohuwa da Hausa, malama da Larabci, a lokaci guda.

"Ni ce," in ji Hadizatu, ita kanta tana mamakin amsar. "Tun shekarar farko. Na ga in an fara musu da Larabci tsura sai su yi tsit."

"To wannan shi nake nema a babin shugabanci," in ji Lubna, ta rubuta.

"Dakta, akwai gyara a takardar shekaranjiya. Malamai uku ne."

Lubna ta nemo shafin, ta soke biyu ta rubuta uku. Ta ce akwai gurbin shahada a gaban kowane malami, me za ta sa?

"Sa shekara tara," in ji Hadizatu.

Sauran abu ɗaya, in ji Lubna, duk malamin da aka kalli aikinsa sai ya sa hannu cewa ya yarda. Sabah ta fassara wa Indo. Lubna ta shiga laluben jaka tana neman tawadar dangwale, ba ta samu ba. Tsohuwar ta gaji da jira. Ta jawo takardar, ta dube ta a juye, ta tambayi inda nata layin yake. Aka nuna mata, ƙarƙashin na Hadizatu da na Sabah. Ta dangwala babban yatsanta, da lakarsa da komai, ta danna sosai. Hoton yatsan ya fito raɗau, baƙi, kowane zane a bayyane.

Raksha ta zo, aka raka baƙuwa da addu'a da ƙullin soyayyen naman rago. Indo ta tsaya tana kallon tabarmarta, Hadizatu kuma tana kallon Indo. Tsohuwar ta naɗe tabarmar tsaf. Sannan ta ɗaga ta ta soke a cikin karan rumfa, inda take ajiye ta shekara tara. Ta tura ƙwaryar da ƙafa zuwa gaban mudira.

"Gobe ki zurma hannu hal gwiwar hannu, Dije. Ta ƙasa ta hi kyau."